Littafin Haɗari BI 510 a Hannun Masu Kula da Mutane a Gida: Inda Ya Biya, Inda Ya Gaza

Ma'aikaciyar da ke zagayen gidaje tana kula da tsofaffi da marasa lafiya a Birtaniya, duk ranar da ta kira ofis ta ce ta ji ciwo a bakin aiki, abin da za ta fara ji shi ne, "a saka a littafin haɗari." Idan kamfanin bai koma manhajar waya ba, littafin da ake nufi sau da yawa shi ne mai lamba BI 510, wanda hukumar HSE ta tsara, wato hukumar da ke sa ido kan lafiya da kariyar ma'aikata a Ingila da Sikotland da Wales. Bugun 2018 shi ne wanda aka sabunta domin ya dace da dokar kare bayanan mutane. Hukuncinmu a kansa tun daga farko: littafi ne mai kyau ga aiki guda ɗaya, ajiye shaidar cewa ma'aikaci ya ji rauni a wurin aiki, rana kaza, ƙarfe kaza. Matsala tana kunno kai ne idan kamfanin kula da mutane a gida ya ɗauke shi a matsayin tsarin rahotonsa gaba ɗaya, domin da yawa daga abin da ke faruwa a wannan sana'a ba shi da gurbi a cikinsa.

Yadda yake a hannu

Girman takardar A4 ne. A farkonsa akwai shafukan bayani kan yadda ake cika shi da irin haɗarin da doka ta ce a kai rahotonsa gaba, sannan takardun rahoto guda 50, kowace da layin ƙananan huji don a yage ta ba tare da ta ɓaci ba. Yagewar nan ba ado ba ce. A tsohon salo ana jera haɗarin mutane da yawa a shafi ɗaya, duk wanda ya buɗe don ya rubuta nasa sai ya karanta sunan abokiyar aikinsa da adireshin gidanta da ciwon da ta ji. Shi ya sa aka sauya tsari: haɗari ɗaya, takarda ɗaya, a cika, a yage, a miƙa wa wanda kamfani ya naɗa ya kulle ta. Shawara ga duk ofishin da ya sayi sabo: a sa wa littafin lamba, a sa wa takardun lamba a jere tun kafin a fara amfani da shi. Idan ta 14 ta ɓace tsakanin ta 13 da ta 15, kowa zai gani.

Takardar kanta kashi biyar ce. Na farko bayanin wanda ya yi haɗarin: suna, adireshi, sana'a. Na biyu bayanin wanda ya cika takardar, idan ba shi ne mai raunin ba. Na uku shi ne zuciyar abin: yaushe, a ina, yaya ya faru, wane rauni aka ji, sai sa hannu da kwanan wata. Na huɗu na ma'aikaci ne kaɗai, ɗan akwati da zai yi wa alama idan ya yarda a nuna bayanansa ga wakilan ma'aikata masu kula da kariya. Na biyar na mai kamfani ne kaɗai, inda zai rubuta idan haɗarin yana cikin waɗanda dokar RIDDOR, wato dokar kai rahoton raunuka da cututtukan wurin aiki ga hukuma, ta wajabta kai rahotonsu, da yadda ya kai, da ranar da ya kai.

Abin da ya iya

Tushen littafin dokar tsaron zamantakewa ce ta 1979, wadda ta ce mai ɗaukar ma'aikata goma ko fiye ya ajiye irin wannan rajista, a kuma adana abin da aka rubuta aƙalla shekara uku. Dokar ta kuma ɗora wa ma'aikaci nauyin sanar da haɗarinsa da wuri. Wanda ya fahimci wannan tushe zai gane dalilin da ya sa takardar take da sauƙi haka: ba don bincike aka yi ta ba, don shaida aka yi ta.

Kuma shaidar tana da daraja ƙwarai a wannan aiki, saboda raunin da ya fi addabar masu kula da mutane, ciwon baya da kafaɗa da wuyan hannu, ba ya nuna girmansa a ranar farko. Ma'aikaciya za ta ji wani abu ya ɗan tsinke mata a ƙasan baya lokacin da take gyara wa dattijo kwanciya, ta sha maganin ciwon jiki, ta ƙarasa gidajenta shida. Bayan wata huɗu sai ta kasa sunkuyawa. A lokacin, tambayar farko da mai inshorar kamfani ko lauya ko jami'in gwamnati zai yi ita ce: ina aka rubuta? Tallafin gwamnati na naƙasa ta dalilin haɗarin aiki, wanda galibi sai an auna naƙasar ta kai kashi 14 cikin ɗari, yana buƙatar a tabbatar haɗarin a wurin aiki ya faru. Ƙarar neman diyya kuma a ƙa'ida tana da wa'adin shekara uku. Takarda mai kwanan wata da sa hannu, wadda aka cika a ranar da abin ya faru, ta fi duk wani "ai na gaya wa manaja a waya" nauyi. Don haka a rubuta ko da raunin ƙarami ne: ƙujewa, targaɗe, cizon kare a ƙofar gida, zamewa a matakalar da ƙanƙara ta rufe.

Kashi na biyu abin yabo ne da ba a cika lura da shi ba. Ba dole mai rauni ya cika da kansa ba. Wadda take asibiti da karaya a hannu, abokiyar aikinta ko 'yar uwarta za ta iya rubutawa a madadinta. Littafin kuma ba ya neman kalmar sirri, ba ya jiran intanet, batirinsa ba ya mutuwa, kuma abin da aka rubuta da biro ba a sauya shi a ɓoye. A yi amfani da baƙin biro, ban da fensir, ban da farin ruwan goge rubutu. Idan an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, a sa harufan suna da kwanan wata a gefe.

Littafi a ofis, ma'aikaciya a gidan mutane

Ga babbar gazawarsa. An tsara shi ne da tunanin masana'anta ko shago, inda kowa yake ƙarƙashin rufi ɗaya kuma littafin yana kusa da akwatin taimakon farko. Mai kula da mutane a gida kuwa tana iya yin mako biyu ba ta taka ofis ba. Abin da ke biyo baya sananne ne: ta kira mai jiran kira, wato ma'aikacin kamfani da ke amsa waya bayan an tashi ofis, da daddare, ya ce zai rubuta, gari ya waye da wasu matsalolin, ba wanda ya rubuta. Ko kuma ta je bayan kwana goma, ta manta ko ƙarfe takwas ne ko tara, ko ƙafar gadon hagu ce ko ta dama.

Ba za a iya ajiye littafi a kowane gida ba, kuma bai dace a bar takarda mai adireshin ma'aikaciya a kan teburin wani ba. Abin da ke aiki shi ne a haɗa hanyoyi uku. A kira ofis nan take, a rubuta sunan wanda ya ɗauka da lokacin kiran. A bi kiran da saƙon waya ko imel na layi biyu zuwa uku, domin shi yana ɗauke da lokacinsa da kansa. Sannan a cika takardar a ranar, ko washegari in ya yi nisa. Littafin ba shi da takardar kabon mai fitar da kwafi, wannan kuma rashi ne na gaske, tunda da zarar an yage takarda an miƙa, ma'aikaciya ba ta riƙe da komai. Ta nemi a yi mata kwafi kafin ta bar ofis, ta kuma rubuta lambar takardar a wurinta.

Fili kaɗan, tambaya kaɗan

Gurbin "yaya ya faru" layuka ne ƙalilan, ko da yake an yarda a ci gaba a bayan takardar. Ba gurbin shaidu, ba gurbin taimakon farko da aka yi, ba gurbin matakin da aka ɗauka don kada a maimaita. Tunda takardar ba ta tambaya, mutane ba sa faɗa. Sai ka ga an rubuta, "Na ji ciwon baya wajen ɗaga majinyaci." Wannan jimla ba ta amfanar kowa, har ma tana iya cutar da mai ita, domin mai karatu zai ce ai an hana ɗaga mutum da hannu.

Kwatanta da wannan: "Ƙarfe 7:40 na safe, ɗakin kwana na sama. Ina taimaka wa dattijon ya tashi daga bakin gado zuwa kujerar bahaya. Gwiwoyinsa suka saki, ya riƙo wuyana da hannu biyu, na sauke shi a kan gado. Na ji zafi mai kaifi a ƙasan baya ta hagu yana sauka cinya. Tsarin kulawarsa ya ce mutum biyu. Ta biyun ba ta iso ba, na kira ofis ƙarfe 7:25 aka ce in fara. 'Yarsa tana ɗakin." Da Turanci ake cika takardar, amma ba a neman Turanci mai ado. Gajerun jimloli, lokaci, wuri, abin da ido ya gani, abin da kunne ya ji. Daga wannan rubutu kaɗai manaja mai gaskiya zai gane ciwon bayan ba daga bayan ma'aikaciya ya faro ba, daga jadawalin aiki ya faro.

A guji abu biyu. Na ɗaya hasashe: kada a rubuta "ya faɗi saboda jiri" alhali ba a ga faɗuwar ba, a rubuta "na same shi a ƙasa, ya ce jiri ya ɗebe shi." Na biyu cikakken sunan wanda ake kula da shi da bayanin cutarsa, lambar da kamfani ya ba shi ko harufan sunansa sun wadatar, domin wannan takarda tana iya zuwa hannun mai inshora.

Abin da ba shi da gurbi ko kaɗan

A nan ne ya kamata a tsaya a dubi littafin da kyau, saboda da yawa daga hatsarin aikin gida ba a jikin ma'aikaciya yake sauka ba, a jikin wanda take kula da shi yake sauka.

Ɗauki faɗuwa. Ma'aikaciya ta buɗe ƙofa ta tarar da dattijuwa kwance tsakanin gado da bango. Kafin biro akwai aiki: kada a ɗaga ta, a duba numfashi da hayyacinta, a tambaye ta inda ke ciwo, a dubi ƙafafu ko ɗaya ta gajarta ta juya waje, alamar karayar ƙugu ke nan. Idan ta bugu a kai, musamman in tana shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko apixaban, jini na iya zuba a cikin kwanya ba tare da alama a waje ba, don haka 999, lambar kiran gaggawa, ake kira, ba jira ake yi ba. A rufa mata bargo. Idan ba alamar gaggawa amma ana shakka, akwai 111, lambar neman shawarar lafiya. Bayan haka rahoton yana buƙatar abubuwan da BI 510 bai san da su ba: yaushe aka gan ta lafiya na ƙarshe, domin kwanciya a ƙasa fiye da awa ɗaya tana da nata illar ga tsoka da ƙoda da zafin jiki, me ke ƙafarta, silifa ko safa, fitila a kunne ko a kashe, ina ƙarfen dogarawarta yake, maɓallin kiran taimako yana wuyanta ko yana rataye a banɗaki, an sauya mata magani a makon, wa aka sanar a dangi, ƙarfe nawa. Ana iya matsa wasu daga ciki a bayan takardar, amma wadda ba a horar ba ba za ta tuna ba, kuma takardar ba za ta tuna mata ba.

Babu zanen jikin mutum. Wannan rashi ya fi kowanne ciwo. Fatar tsoho tana yagewa kamar jiƙaƙƙiyar takarda, jini yana kwanciya a ƙarƙashinta da ɗan riƙo kaɗan. Bayanin "akwai kwanciyar jini a hannu" ba ya bambanta wanda ya bugi ƙofa da wanda aka damƙe da ƙarfi. Zanen gaba da baya, inda za a yi alama a daidai wurin, shi ke nuna cewa tabo huɗu ne a jere a cikin damtse da ɗaya a baya, wato sawun yatsu. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan kima ba ta isa ba, a auna da santimita, tsawo da faɗi, a faɗi launi kamar yadda aka gan shi. Kada a ce "na kwana uku ne," domin launi ba ya ba da tabbacin kwanaki. Hoto kuma ba a ɗauka da wayar kai, sai da izinin mutumin da na'urar kamfani, bisa ƙa'idar kamfanin.

Kuskuren magani ba nan ne gidansa ba. An ba da ƙwayar dare da safe, an ba da sau biyu saboda ta farko ba ta sa hannu a takardar MAR (takardar rubuta maganin da aka ba mutum) ba, an manta fastan ciwo na jiya a kafaɗa aka manna sabo. Abin yi shi ne a kira likitan mutumin ko mai haɗa magani ko 111 nan take da sunan maganin da yawansa da lokacin da aka sha, a bi abin da suka ce, a sanar da ofis, a rubuta gaskiya a takardar magani da fom ɗin kamfani. Cike gurbin da aka tsallake da sa hannun ƙarya ya fi kuskuren kansa muni, domin mai zuwa ziyara ta gaba da wannan takarda za ta yi aiki.

Haka zargin cin zarafi ko sakaci ko wawure kuɗin tsoho. Wannan hanyarsa daban ce: manaja, sannan sashen kare manya masu rauni na ƙaramar hukuma, wanda a Ingila dokar kulawa ta 2014 ta ɗora wa nauyin bincike. Ma'aikaciya ta rubuta kalmomin mutumin kamar yadda ya furta su, kada ta yi alƙawarin rufa asiri, kada ta tunkari wanda ake zargi.

Sai kuma tsallake rijiya da baya, wanda shi ne ya fi kowane rahoto arha kuma ya fi amfani. Madaukin ƙyallen na'urar ɗaga majinyaci ya zame daga ƙugiya amma mutumin bai bar katifa ba tukuna. Ruwan wanka ya fito da zafin da ya wuce digiri 44 na Celsius, aka gane kafin a saka ƙafa. Kan dattijo ya kusa shiga tsakanin katifa da ƙarfen gefen gado. An tarar da murhun gas a buɗe ba wuta. Ba wanda ya ji rauni, don haka littafin haɗari ba ya jan hankalin kowa ya rubuta, alhali waɗannan su ne gargaɗin. A batun na'urar ɗagawa, a dubi takardar da ke manne a jikinta: dokar LOLER ta 1998 ta ce kayan ɗaga mutum, har da ƙyallen, a yi musu cikakken bincike duk wata shida. In kwanan ya wuce, ko ɗinkin madauki ya fara warwarewa, ko rubutun nauyin da yake ɗauka ya goge, a ajiye shi gefe, a rubuta lambarsa, a kira ofis. Kada a jefar da kayan da ya lalace a lokacin haɗari, shi ma shaida ne, kuma hukumar MHRA, mai sa ido kan magunguna da kayan jinya, tana karɓar rahoton kayan jinya masu matsala ta tsarinta na Yellow Card.

Kashi na biyar da ƙidayar kwanaki

Cika BI 510 ba kai rahoto ga hukuma ba ne. Mutane da yawa suna rikita wannan. Rahoton RIDDOR, bisa dokar 2013, ta shafin HSE ake shigar da shi, kuma aikin mai kamfani ne, ba na ma'aikaciya ba. Amma ya kamata ta san ƙa'idar don ta gane ko an yi mata abin da ya dace.

Mutuwa da manyan raunuka ana sanar da su ba tare da jinkiri ba, cikakken rahoto ya isa cikin kwana 10. Manyan raunukan sun haɗa da karaya in ban da ta yatsun hannu da na ƙafa, yankewar gaɓa, rasa gani, ƙunar da ta wuce kashi 10 cikin ɗari na jiki, da suma ta dalilin bugun kai ko shaƙewa. Raunin da ya hana ma'aikaci aikinsa na yau da kullum fiye da kwana bakwai a jere, ana kai rahotonsa cikin kwana 15 daga ranar haɗari. Wanda ya wuce kwana uku amma bai wuce bakwai ba, rubutawa kawai ake yi, kuma takardar BI 510 ta wadatar.

Wurin ƙidaya ake yawan kuskure. Ba a ƙirga ranar haɗarin, amma ana ƙirga Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Wadda ta ji rauni ranar Alhamis, Juma'a ce rana ta ɗaya, Litinin ta huɗu, Juma'a mai zuwa ta takwas. In har ranar ba ta iya aikinta ba, rahoto ya wajaba. Kuma ba sai tana kwance a gida ba. Idan an mayar da ita ofis tana amsa waya saboda ba za ta iya juya majinyaci ba, kwanakin suna cikin lissafi. Tun da takardar an riga an yage ta an kulle a rana ta farko, ba abin da ke tuna wa manaja ya koma kanta a rana ta takwas. Ofis ya sa wa kansa tunatarwa a kalanda.

Wasu wuraren da ke rikita masu wannan sana'a: haɗarin mota a kan titi tsakanin gida da gida galibi ba ya shiga RIDDOR, na 'yan sanda da inshora ne, amma a rubuta shi a littafin tunda a bakin aiki ya faru. Duka ko cizo daga mai ciwon mantuwa haɗari ne a idon doka, ko da bai san abin da yake yi ba, kuma rubuta shi ba cin amanarsa ba ne, shi ne zai sa a sake duba tsarin kulawarsa. Ƙaiƙayin fata mai tsanani daga yawan wanke hannu da safar roba, idan likita ya tabbatar daga aiki ne, yana cikin cututtukan da ake kai rahoto. Allurar da ta soki ma'aikaciya bayan an yi wa mai ƙanjamau ko ciwon hanta nau'in B ko C amfani da ita, ita ma ana kaiwa. A nan agogo ya fi takarda muhimmanci: a bar wurin ya ɗan zubar da jini ƙarƙashin famfo, a wanke da sabulu ba tare da gurzawa ba, kada a tsotsa, a rufe, a nufi asibiti nan take, domin maganin kariya daga ƙanjamau ya fi aiki a awannin farko kuma ba a fara shi bayan awa 72.

Idan kuma wanda ake kula da shi ne ya ji rauni aka ɗauke shi kai tsaye zuwa asibiti don magani, tambayar ita ce ko daga yadda aka gudanar da aikin abin ya taso. Wanda ya zame daga ƙyallen na'ura saboda an sa masa wanda ya fi ƙarfin jikinsa girma, ana kai rahoto. Wanda rashin ƙarfin tsufa ya kayar a falonsa, ba tare da wani abu na aikin ya jawo ba, ba ya shiga RIDDOR. Amma a Ingila kamfani yana da wani wajibcin daban na sanar da hukumar CQC, mai duba ayyukan kulawa, mummunan rauni ko zargin cin zarafi ko abin da ya kai ga 'yan sanda, da kuma wajibcin gaya wa mutumin da danginsa gaskiyar abin da ya faru. Sikotland da Wales suna da nasu hukumomin duba ayyukan kulawa. Littafin ba shi da akwati ko ɗaya na waɗannan.

Wanda ke tsoron rubutawa

Akwai abin da takarda ba ta iya gyarawa. Ma'aikata da yawa, musamman waɗanda izinin zamansu ke rataye da kamfanin da ya ɗauko su, suna haɗiye ciwo don kada a rage musu awanni ko a ce sun cika ƙorafi. Tsoron na gaske ne, kuma littafin da sai an shiga ofis an roƙa a gaban manaja yana ƙara shi. Ya kamata a san cewa dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996 ta hana a hukunta ko a kori mutum don ya ɗaga batun kariya, wata doka ta 1998 kuma tana kare masu fallasa ɓarna, har zuwa ga CQC ko HSE kai tsaye. Akwatin kashi na huɗu yana da amfani a nan: wadda take cikin ƙungiyar ƙwadago, alamar da za ta yi ita ce ke ba wakilinta damar ganin takardar da sunanta. Kamfani kuma ya ajiye littafin inda za a ɗauka ba sai an nemi izini ba.

Wa ya kamata ya saya

Doka ba ta ce lallai sai takarda ba, ana iya ajiye wannan rajista a kwamfuta muddin bayanan sun cika kuma an tsare su. Manhajar waya mai kyau ta fi littafin a wuri uku: tana hannun ma'aikaciya a cikin gidan, tana sa lokaci da kanta, tana kuma tilasta amsa tambayoyin da takarda ta yi shiru a kansu. Kamfanin da ke da ita, littafin ya zame masa madogara ta ranar da na'ura ta ƙi. Ƙaramin kamfani da bai kai mutum goma ba, ko iyalin da suka ɗauki mai kula da mahaifiyarsu da kansu, littafin zai yi musu amfani ko da ba a tilasta musu ba, kuma takarda 50 za ta daɗe. Mai zaman kanta ta lura cewa tallafin naƙasa na haɗarin aiki bai shafi masu aikin kansu ba, don haka rubutunta zai fi yi mata amfani ne wajen inshorarta.

Duk wanda ya saya, ya haɗa shi da abu huɗu a jakar kowace ma'aikaciya: fom ɗin abin da ya faru ga wanda ake kula da shi, mai gurbin shaidu da waɗanda aka sanar da matakin da aka ɗauka, takardar zanen jiki gaba da baya, ɗan ma'aunin takarda na santimita da ake yarwa bayan amfani, da kati mai lambar mai jiran kira da ta sashen kare manya na ƙaramar hukumar yankin. A ofis kuma a ware rana ɗaya a wata a baje takardun da aka yage a karanta su tare da na tsallake rijiya, a duba ko gida ɗaya ne ke maimaituwa, ko awa ɗaya, ko ziyarar mutum biyu da ake tura mutum ɗaya.